Fastar mai rawa bisa kan yatsu da aka samu cikin kayan Baba: yadda ake karanta ta

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗiyarka ce daga Daura. Bayan rasuwar Babanmu muna gyaran ɗakinshi muka ci karo da wata tsohuwar fasta a naɗe cikin akwatin ƙarfe, tare da takardunshi na lokacin da ya je kwas Faransa. Wata mata ce a tsakiya da farin siket buɗaɗɗe kamar lema, ta tsaya bisa kan yatsun ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar ta miƙe ta baya. Bayanta akwai wasu mata ƙanana ƙanana a jere su ma da fararen kaya. Gefe guda wani mutum ne fuskarshi fara fat kamar an shafa mashi gari, ɗaya gefen kuma wani mai kaya kala-kala da baƙin abu a ido. Akwai jan labule, can ƙasa kuma kawunan mutane baƙi ƙirin da dogayen huluna. Rubutun da na iya kwafowa shi ne Théâtre, Ballet, Tous les soirs, sai wani ƙarami can gefe da ya fara da Lith. da Imp. Yayana ya ce litogiraf ce wai tana iya yin kuɗi, Mama kuma ta ce a ƙona ta. Don Allah me hoton yake nufi, kuma ya za mu yi da ita?"

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinshi, ku kuma ya ƙara maku haƙuri. Kafin komai ki roƙi Mama cikin ladabi ta ɗan dakata da maganar ƙonawa, ko ba komai a san abin da ke hannu tukuna, don abin da wuta ta ci ba ya dawowa.

In na fahimce ki abu ukku kike son sani, me zanen yake faɗi, takardar ta asali ce ko kwafi, sannan me ya kamata a yi da ita. Na daɗe ina koyar da zane nan Katsina kuma na yi aikin bugu, fastocin 'yan wasan kwaikwayo da na 'yan siyasa da kalandar ƙungiyoyi duk sun bi ta hannuna, to abin da zan fara gaya maki shi ne abin da nake gaya ma ɗalibaina ranar farko: fasta mai shela ce. Aikinta ta tsaida mai wucewa a titi cikin ƙiftawar ido ta sa shi ya fiddo kuɗi ya sayi tikiti. Duk abin da kika gani a jikinta an sa shi ne don wannan, saboda haka in kin zo karanta ta tambayar da za ki riƙa yi ita ce wa ake son in kalla, me ake son in ji, wa ake kira ya zo. Wanda ya ɗauke ta a matsayin hoton abin da ya faru bisa dandamali daren nan zai ɓata hanya tun daga farko.

Bugun dutse

Kalmar da yayanki ya faɗa, litogiraf, bugun dutse kenan, daga harshen Girka ta fito, dutse da rubutu. Wani Bajamushe Alois Senefelder ya gano dabarar a birnin Munik a 1796, kuma shi kanshi ɗan wasan kwaikwayo ne mai rubuta wasanni, kuɗin kai ma maɗaba'a ne ba shi da su shi ya sa ya shiga neman hanya mai arha da zai buga abinshi da kanshi. Kinga tun ran gini ran zane, sana'ar nan da gidan wasa tare suka taso.

Sirrin duka shi ne mai da ruwa ba su haɗuwa. Ana samun falalen dutsen farar ƙasa mai laushin ido, mafi kyau daga Solnhofen yake zuwa can kudancin Jamus, a goge fuskarshi har ta yi sumul, mai zane ya zana abinshi kai tsaye bisa dutsen da alli ko tawada mai maiƙo. Sannan a shafe dutsen da ƙaro da aka dama da ɗan asid. Eh, ƙaron nan dai namu na dakwara, wanda almajiri ke sa ma tawadar allo don ta kama, shi ne ke sa wuraren da ba a zana ba su riƙa riƙe ruwa. Sai a jiƙa dutsen da soso a bi shi da rola mai tawada, tawadar ta manne inda maiƙo yake ta guje ma inda ruwa yake, a ɗora takarda a matse. Komai a juye ake zana shi kamar yadda madubi ke nunawa, har rubutun. Kuma kowace kala dutsenta daban, in kala huɗu ce duwatsu huɗu, takarda ɗaya ta bi ta cikin inji sau huɗu kuma dole kowane bugu ya hau daidai kan ɗan'uwanshi.

Ba zan manta ba lokacin muna koyo, na yi kwana biyu ina goge dutse ɗaya da yashin guga da ruwa har kafaɗuna suka riƙe, na zana kan doki da kwalliyar hawan sallah, ina cikin aiki na dafa gefen dutsen da babban yatsa ban ma san na yi ba, ba a ganin komai a ido. Da muka ɗaga takardar farko sai ga tambarin yatsana baƙi ƙirin kusa da kunnen dokin, layi-layi tsaf kamar na katin zaɓe. Ɗan maiƙon jikina kawai dutsen ya riƙe. Daga ranar na san cewa bugun dutse hannun mutum ne kike gani kai tsaye, kuma wannan zai yi mana amfani in mun zo maganar asali da kwafi.

Wanda ya maida wannan dabara fastar titi mai kala shi ne Jules Chéret, ya buɗe maɗaba'arshi a Faris a 1866, da duwatsu ukku ko huɗu, ja da rawaya da shuɗi, yake fidda kaloli masu yawa ta hanyar ɗora wannan bisa wancan. Bayanshi Toulouse-Lautrec ya yi ta gidan rawa na Moulin Rouge a 1891, Alphonse Mucha kuma ya yi ma fitacciyar 'yar wasa Sarah Bernhardt tata da aka wayi gari da ita a bangon Faris farkon Janairun 1895, doguwa ta haura mita 2. A wancan lokacin ba rediyo ba talabijin, bango shi ne tallan.

Abin da ke cikin hoton

Matar tsakiya ita ce tauraruwar wasan, kuma girmanta shi ne shaida. A hawan sallah ba sai an nuna maki sarki ba, lema ta riga ta nuna shi, to a fasta girma da tsakiya da haske su ne lemar. Ƙananan matan da ke jere bayanta ba yara ba ne, manya ne kamarta, su ne rundunar 'yan rawa masu motsi tare kamar mutum ɗaya, an ƙanƙanta su ne don matsayinsu a gidan ƙasa yake da nata, albashinsu ma haka, kuma in kin lura zai yi wuya a ce mai zanen ya tsaya ba kowacce fuskarta daban.

Rawar sunanta bale, harafin ƙarshe na Ballet ba a furta shi. A fadojin Italiya ta fara, ta girma a fadar Faransa inda sarki Luwi na 14 ya kafa mata makaranta a 1661, shi ya sa har gobe sunayen takunta da Faransanci ake kiransu ko a Rasha ko a Amurka. Labari ake bayarwa da jiki da kiɗa ba a magana ko ɗaya. Tsayuwar da kika kwatanta, ƙafa ɗaya ƙasa ɗaya miƙe baya, arabes ake ce mata, ma'ana salon Larabawa, sunan an aro shi ne daga zayyanar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe ta gine-ginen Musulmi. Tsayuwa bisa kan yatsu kuma da wani takalmi ake yi mai tauri a baki, yadudduka da takarda da gam aka danƙare suka zama kamar ɗan akwati, kuma yarinya kan yi shekaru tana horo kafin a bari ta hau shi. Wadda ta shahara da wannan tsayuwa tun farko Marie Taglioni ce a wasan La Sylphide a 1832, inda ta fito a matsayin wata halitta ta iska. To wannan shi ne abin da hoton ke son ki ji, cewa matar nan ba ta da nauyi, ƙasa ba ta riƙe ta, kamar ba mutum ba. Farin kayan ma haka, a irin waɗannan wasanni fari kan nuna ruhi ko aljana ko tsuntsuwa. Gaskiyar bayan labule kuwa yatsu ne masu kanta da farce da ya mutu, amma mai shela ba ya faɗin wannan.

Ki duba tsawon siket ɗin. In ya sauko ƙasan gwiwa yana lilo kamar ƙararrawa salon shekarun 1830 da 1840 ne, in gajere ne mai tauri a buɗe kamar faifai to salon ƙarshen ƙarni na 19 ne, da kika ce kamar lema ina kyautata zaton na biyun ne. Sai dai wannan yana gaya mana ne kawai cewa fastar ba ta riga wancan lokacin ba, ba ya hana ta zama ta baya-bayan nan, don har yau ana sa duka biyun.

Mazan nan biyu na gefe su suka fi ba ni sha'awa a bayaninki. Mai farar fuska da kaya masu faɗi Piyero ne, mai kaya kala-kala da baƙin rufin ido kuma Harlekin, dukkansu daga tsohon wasan barkwancin Italiya na ƙarni na 16 suka fito. Piyero shi ne masoyin da kullum ake bari da hawaye, Harlekin shi ne ɗan wayo mai tsalle-tsalle da ke tafiya da yarinyar, ita kuma Kolumbin ake ce mata. Mutumin Faris na wancan zamani da ya hango su ba sai ya karanta komai ba, kamar yadda mu in muka ga yaro da gemun auduga da sanda da ƙusumbi cikin azumi mun san tashe ne kuma tsoho yake kwaikwaya. Mace ɗaya tsakanin waɗannan maza biyu, saƙon shi ne akwai soyayya, akwai kishi, akwai dariya, kuma ba wasa ne mai nauyi da zai wahalar da kai ba. Wannan da kalmar Théâtre (gidan wasan kwaikwayo kenan, ba tiyatar asibiti ba) su suka sa nake ganin dare ne na gauraye, ɗan wasan kwaikwayo, ɗan barkwanci, sannan a rufe da bale, irin wanda gidaje kamar Folies Bergère a Faris da Alhambra a Landan suka riƙa yi ma talakawan gari da matsakaita.

Ki koma ki kalli fuskar matar da kyau ki ga ta ina haske ke dukanta. In ƙasan haɓa da ƙasan hanci ne suka yi haske goshi kuma ya yi duhu, to fitilun bakin dandamali ne, waɗanda ake jerawa a ƙasa gaban 'yan wasa. Ki gwada da tocilan ɗin waya ki haska fuskarki daga ƙasa gaban madubi za ki ga irinshi. Masu zanen lokacin suna son hasken nan ƙwarai don da ganinshi an san dare ne kuma cikin gidan wasa ne.

Kawunan nan baƙi na ƙasa 'yan kallo ne, an bar su inuwa babu fuska don mai kallon fastar ya ji kamar yana zaune bayansu, kujera ɗaya ta rage tashi ce. Dogayen hulunan kuma hular masu hali ce, ana gaya ma mai wucewa cewa manyan mutane na zuwa nan. Amma akwai wani ɓangare da ba zan ɓoye maki ba don yana ci mani rai duk lokacin da na ga irin hulunan nan kusa da 'yan rawa. A babban gidan opera na Faris, wato gidan wasan waƙa da bale, attajirai masu biyan kuɗin kujera na shekara suna da izinin shiga bayan labule inda 'yan matan ke shiri, su kuma 'yan matan da yawansu ɗiyan talakawa ne da aka kawo tun suna ƙanana don su ciyar da gida, abin da ke biyo baya ba sai na fayyace maki ba. Edgar Degas ya zana wannan sau da yawa, baƙar kwat a raɓe gefen labule tana kallo. Fastar tana saida kyau da haske, amma wanda ya san tarihin yana ganin wa ke da kuɗi wa ke da yunwa a cikin hoto ɗaya.

Abin da ya sa na dage cewa kar a ɗauki hoton a matsayin shaida, na gani da idona. Wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta taɓa kawo mani aikin fasta, shugabansu ya tsaya bisa kaina ya ce wance za a sa babba a tsakiya, na ce ai na karanta wasan fitowa biyu kawai ta yi, ya ce Malam ita mutane suka sani, ita za ta cika mana zauren. Wanda ya ɗauki nauyin wasan tun daga farko har ƙarshe kuwa a ƙasa muka sa shi kanshi bai kai girman kwabo ba. Turawan ma haka suke, har akwai maɗaba'u musamman a Amurka da ke buga fastoci na kowa da kowa, 'yar rawa da labule, su bar fili fari sama ko ƙasa, duk ƙungiyar da ta saya ta buga sunanta a wurin. In taku irin wannan ce to matar ba kowa ba ce, daga kan mai zane ta fito.

Rubutun, musamman ƙananan

Tous les soirs na nufin kowane dare, wato wasa ne da ake maimaitawa tsawon lokaci. Lith. gajarta litogiraf ce, Imp. kuma gajarta kalmar maɗaba'a ce da Faransanci, abin da ke biye da su sunan maɗaba'ar ne da adireshinta, kuma wallahi wannan ɗan layin ya fi duk sauran hoton amfani wurin gano shekaru, don an san lokacin da manyan maɗaba'u suka zauna a kowane titi. Misali in kin ga Chaix da rue Bergère to gidan da Chéret ya haɗe da shi ne a 1881. Ki nemi sa hannun mai zane a kusurwa, da sunan gidan wasan, da sunan matar in akwai. Fastocin wasa ba su cika sa shekara ba don na sati ne ko wata, amma in an rubuta rana da kwanan wata, a ce Asabar 14 ga wata kaza, ana iya bin kalanda a fidda shekarun da hakan ya faɗo. Wani lokaci kuma za ki ga ɗan kan sarki a manne ko an buga hatimi, harajin liƙa fasta ne na Faransa, shi ma alama ce mai kyau.

Ta asali ce ko kwafi

Nan zan ɗan rage ma yayanki zafi. Ganin Lith. a jiki ba ya tabbatar da komai, don wanda ya ɗauki hoton tsohuwar fasta ya sake bugawa da rubutun zai ɗauko gaba ɗaya. Kuma shagunan gidajen tarihi da masu saida tsaraba a Faris sun daɗe suna saida irin waɗannan kwafi da arha, mutumin da ya je kwas kuwa irin tsarabar da ya fi saurin saye kenan. In ba a gwada ba ni dai na fi karkata ga kwafi ce, amma ana gwadawa kuma a gida ma za ki iya.

Ki fita da ita inuwa mai haske, ki buɗe kyamarar waya ki matso da hoton har iyaka kan wurin da kala ke da sassauci, kamar kuncin matar ko inuwar siket. In kika ga ɗige-ɗige a jere tsaf, ja da shuɗi da rawaya da baƙi suna yin kamar 'yan furanni ko saƙar raga, to bugun injin zamani ne irin na kalanda da fastar siyasa, an ɗauki hoto an yi farantin bugu da shi. In kuwa kika ga tsaki-tsaki ba tsari kamar an watsa yashi, da shatin alli, da feshin tawada manya da ƙanana irin wanda ake yi da buroshi, da wuraren da kala ɗaya ta kwanta shar ba ɗigo, sannan a bakin zane kala ta ɗan hau kan wata ko ta ɗan kauce, to wannan hannun mutum ne bisa dutse. Ki duba bakin takardar ma ko akwai 'yan alamun kuros da mai bugu ke daidaita kaloli da su. Takardar asali sirirya ce mai arha don ba a yi ta don ta daɗe ba, takan yi ja-ja ta yi ƙamas, sau da yawa da shatin ninki. In takarda ce mai kauri mai sheƙi, ko kika ga sunan wani gidan tarihi ko alamar haƙƙin mallaka da shekara ta baya-bayan nan a ƙasa, magana ta ƙare.

Girma ma yana magana, na titi manya ne, da yawansu sun haura mita 1. Sai dai ƙarama ba lallai ta zama ta banza ba, tsakanin 1895 da 1900 an fidda wani jerin ƙananan fastoci 256 da ake kira Les Maîtres de l'Affiche, su ma bugun dutse ne na gaske kuma masu tarawa na nemansu, ana gane su da hatimin da aka danna cikin takardar ba tawada a kusurwar ƙasa.

Maganar kuɗi ba zan sa mata farashi ba, wannan aikin masu gwanjon kayan tarihi ne kuma su ma sai sun riƙe takardar a hannu, ni iyakata in gaya maki irin bugun in na gani. Damuwar Mama kuma ina girmama ta, hoton mace ne da ƙafafu a waje cikin gidan Musulmi, hukuncin ajiye shi ko rataye shi ku tambayi malamanku na nan Daura su suka fi ni sani. Abin da zan ce kawai tsakanin rataye ta a falo da cinna mata wuta akwai ajiyewa a rufe, akwai kuma bayar da ita ga sashen zane na wata makaranta inda ɗalibai za su ga abin da muke ta kwatanta masu da baki.

Kafin ku yanke shawara don Allah kar a kai ta laminatin. An taɓa kawo mani wata tsohuwar takarda da aka riga aka narka ma leda, mai ita yana murna ya adana ta, na rasa bakin da zan gaya mashi cewa ba mai iya cire ledar nan kuma darajarta ta tafi. Kar a sa mata selotef ko gam inda ta yage, kar a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kar a yi mata guga. Tunda ta daɗe a naɗe kar ki buɗe ta da ƙarfi musamman lokacin hunturu da takarda ke bushewa ta karye, ki bar ta ta saki a hankali bisa tabarma mai tsabta ki danne kusurwoyin da littattafai. Bayan nan a shimfiɗe ta tsakanin fararen takardu biyu, nesa da rana da bangon da ke jiƙa da damina, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da kyankyaso.

Ki turo mani hoto ukku, ɗaya na fastar gaba ɗaya da abin awo ko tsintsiya a gefe don in ga girmanta, ɗaya na ƙaramin rubutun nan da ya fara da Imp. yadda zai karantu, ɗaya kuma na kuncin matar da kika matso har iyaka. Ki kuma juya bayanta ki duba ko Baba ya rubuta wani abu, mutanen da sukan sa kwanan wata da sunan gari a bayan tsarabarsu. Ki gaida Mama da yayan naki.